Kan Alaramma a Ɗakin Shiru

Ranar walimar nan ta Beltsville, a nan Amurka, ina zuba wa mutane miyar waina, ina jin ku a bayan kujeru kuna shawarar abin da za ku karanta a jami'a. Ɗayarku ta ce ita aikin Anti Rabi za ta yi. Wai ba jini, ba gumi, ka kwantar da mutum, ka danna maɓalli, na'ura ta zagaya kansa, ka ɗauki jakarka ka tafi gida. Da Turanci ta faɗa don kada in ji, ta manta da Turancin nake cin abinci tun ba a haife ta ba. A lokacin hannuna da ludayi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, don haka ku gyara zama in shigar da ku.

Ni ba likita ba ce. Mai ɗaukar hoto ce a sashen da ake aiki da maganin nukiliya, kuma rabin rayuwata a kan ƙwaƙwalwar mutane na ƙare ta. Hoton CT da na MRI da kuka sani ginin gida suke nunawa, ko bango ya tsage, ko rufi ya rufta. Namu, wanda ake kira SPECT, yana nuna ɗakin da aka kunna fitila da wanda ya dushe, wato inda jini ke gudu sosai a cikin kai da inda ya ja baya. Shi ya sa ake turo mana mutanen da suka bugu a ka, bugun da ake cewa ƙarami, aka duba aka ce gini lafiya lau, amma mai gidan ya san ba haka yake da ba.

Maganin da muke sawa a jijiya sunansa teknishiyam, kuma ba shi da haƙuri. Duk awa shida rabin ƙarfinsa ya tafi, ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. Mai sayar da ƙanƙara a Sabon Gari ya fi kowa fahimtar sana'ata. Da sassafe direba yake kawo shi a akwatin dalma, kowane sirinji da sunan mai shi da lokacinsa. Sirinjin kansa riga ake sa masa ta dalma, ya yi nauyi a hannu, ga shi da ita za ka nemo jijiyar tsohuwa da ta kwana ba ta sha ruwan kirki ba. Akwai bajo a ƙirjina da zobe a yatsana, su ke auna hasken da jikina ya sha. Akwai kuma 'yar na'ura mai kukan gyare da ake bin tebur da ƙasa da tafin takalmi da ita kafin a tashi. Ɗigo ɗaya ya zuba ba ka sani ba, ka taka, ka yi ta rarraba shi har bakin lif.

Wadda ta koya min aikin sunanta Madam Odessa. Baƙar Ba'amurkiya ce daga Kudu, gajera, tana ɗan ɗingishi, ranar Lahadi tana jan waƙa a cocinsu. Na zo daga Zariya da takardar ɗaukar hoton ƙashi da girman kai daidai gwargwado, na sake komawa aji, aka turo ni wurinta a wata cibiya kusa da Silver Spring. Makonnin farko ko gashin mara lafiya ban taɓa ba. Kullum da safe sai ta sa ni in ɗora wani faranti mai fitar da haske bai-ɗaya a fuskar kamara, in ɗauki hotonsa, mu zauna mu zuba masa ido. Hoton ba komai, fili ne fetal. Da na gaji na tambaye ta me muke nema, sai ta ce, "Rabi, kamarar da ba ki gaisa da ita da safe ba, ƙarya za ta yi miki da rana." Wata safiya kuwa muka ga wani ɗan tabo a gefe, bai kai ƙwayar gero ba. Ta nuna min yadda tabon nan, in kamara ta zagaya da shi, yake komawa zobe mai duhu a tsakiyar kan mutum mai lafiya. Ranar ta sallami kowa, ta kira mai gyara, manaja yana ta huci tana cin gyaɗarta.

Amma zuciyar aikin ba a ɗakin kamara take ba. Tana wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, mai kujera ɗaya mai kishingiɗa da fitila mai rauni. Mu ɗakin shiru muke ce masa. Dalilinsa shi ne maganin nan, da ya shiga jini, cikin ɗan ƙanƙanen lokaci yake maƙalewa a ƙwaƙwalwa, kuma a yanayin da ya same ta a nan yake daskarewa. In kana magana, wurin magana zai haska. In kana karatu ko motsa yatsu, nasu wuraren za su haska. Kamara daga baya take zuwa ta karanta abin da ya riga ya zauna. Don haka hoton na gaskiya a kujerar nan ake ɗaukarsa, a cikin duhu, ba maɓalli ko ɗaya. Tun da wuri ake sa allura a hannu, a haɗa ta da doguwar roba da ta bi ta bayan labule, a bar mutum idonsa a buɗe har ya manta da kai. Sannan ka tura maganin ba tare da ya san ka tura ba.

Madam Odessa ta cire agogon bangon ɗakin tun kafin zuwana, don yana ƙas-ƙas. Takalmin roba take sawa, makullanta kuma a cikin safa take ɗaure su. Kafin ta bar ni in shiga da kowa sai da ta zaunar da ni a kujerar, ta rufe ƙofa ta tafi. A nan na ji kukan firjin da ke bayan bango, na ji awarwarona, na ji hanjina. Da ta dawo ta ce, "Na ji ki a waya da 'yar'uwarki, gaisuwa kaɗai ta cinye hutun cin abinci. Abu ne mai kyau, mu ma a garinmu haka muke. Amma ki ƙare ta a baranda. In kin shiga nan, ke kujera ce." Kun san abin da ake nufi a ce wa Bazazzagiya ta ga dattijo a kishingiɗe da allura a hannu, ta wuce shi ba sannu. Na koya, amma har na bar aiki sannun tana zuwa min maƙogwaro in haɗiye ta.

Na ga kawuna iri-iri. Sojojin da suka dawo daga yaƙi ba ƙwarzane a jikinsu, amma in an rufe ƙofa da ƙarfi sai su daskare. Samarin makarantar sakandare masu ƙwallon nan ta karo da kai, uwa na kuka, uba na tambaya ko yaron zai buga wasan Asabar. Magina da suka faɗo daga tsani, da tsofaffin da santsin baho ya kwashe. Kusan duk maganarsu ɗaya ce, an ce ba abin da ya same ni, to me ya sa ba ni ba ne? Kafin su zo ana hana su kofi da shayi da lemon kwalba, don suna tsuke hanyoyin jini. Takardar gargaɗin da ake ba su ba ta san goro ba, alhali shi ma haka yake yi. Da na gaya wa Madam Odessa cewa mutanenmu za su rantse ba su sha kofi ba alhali bakinsu ja wur, sai ta sa na kawo mata ɗaya daga shagon 'yan Gana. Ta gutsura, ta yamutsa fuska, ta ce lallai duk wanda ke cin wannan don daɗi a tambaye shi sau biyu. Daga ranar ita da kanta take tambayar duk ɗan Afirka, tana kiran goron da sunansa na Hausa.

Akwai kuma lauyoyi, kuma a nan ne za ku san wa ke da mutunci a sana'ar. Hoton namu asalinsa toka-toka ne, kwamfuta ke shafa masa launi. In ka murɗa launin yadda kake so, kan limami ma sai ya fito da ramuka shuɗi da ja kamar an yi masa ruwan duwatsu. Wasu wuraren suna yin haka, a buga a takarda mai sheƙi a kai kotu. Likitan da ke karanta hotunanmu wani dattijon Ba'indiye ne, mu dai Dakta muke ce masa, kuma shi da Madam Odessa bakinsu ɗaya a kan wannan. Na sha jin lauya a waya yana roƙonsa ya rubuta cewa hoton ya tabbatar hatsari ne ya jawo. Dakta sai ya ce, "Hotona shaida ne guda ɗaya, ba alƙali ba ne. Abin da ya gani zan rubuta." Mun rasa masu turo mana mutane saboda haka, bai taɓa ko ɗaga gira ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Teknishiyam ɗin duniya daga wasu 'yan tsirarun tsofaffin injinan nukiliya yake fitowa, sai na Kanada ya tsaya, ana cikin haka wani a Turai shi ma aka rufe shi don gyara. Akwatin dalma ya koma zuwa rabi, wata rana ma direban hannu yake ɗaga mana daga mota ya wuce. Ɗan maganin da ya samu, masu ciwon zuciya da masu ciwon daji ake ba, kuma daidai ne. Masu ƙaramin bugun kai suka koma ƙarshen layi. Wasu abokan aikinmu aka rage musu kwanaki, wasu suka koma wani fannin ba su dawo ba. Madam Odessa ta koma zuwa aiki ranar Lahadi bayan coci, da hularta mai fure, saboda a farkon mako maganin ya fi samuwa. A lokacin sanyin shekarar kuma aka yi dusar ƙanƙarar nan da iyayenku ke ba ku labari, wadda ta binne motoci har rufi.

A wannan shekarar aka kawo min kan Alaramma Isiyaku. Ba sunansa ba ne, na canja, labarin kuma shi ya ce in bayar ga duk wanda zai amfana. Mutumin Maraɗi ne, da rana yana tuƙa tasi, da azumi kuma shi ke jan baƙi a tafsirin da ake yi a zauren da muke haya a Silver Spring. Izu sittin a kansa, ba ya duba takarda. In malam ya ce a koma baya aya uku, kafin ya rufe baki Alaramma ya ɗauko. Wata ranar ruwa a kan babban titin Beltway wata mota ta daki tasinsa ta baya, kansa ya bugi ƙarfen ƙofa. Ya ɗan ga duhu, ya fito da ƙafarsa, har shi ke tambayar wanda ya buge shi ko ya ji ciwo. A asibiti aka yi CT aka ce ba komai, ya je ya huta.

Azumi na zuwa, a gaban jama'a, ya ɗauko aya a wata sura ya sauka a wata. Malam ya gyara masa. Ya sake, ya sake ɓacewa. Ina bayan labule a cikin mata, na ji zauren ya yi tsit, irin shirun da ya fi zagi ciwo. Washegari bai zo ba, kuma bai ƙara zuwa ba.

Matarsa Zeinabu ce ta same ni a wajen ajiye motoci na shagon nama, watanni bayan haka. Ta rame. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Rabi, Malam ya sayi biye. Ya ce gida za shi, kuma ba da mu ba."

Tikitin jirgi take nufi. Na ce me ya yi zafi haka?

"Ya ce Ƙur'ani ba ya barin mutum a banza, sai in ya yi wani laihi. Tun daga azumi shina neman laihin da ya yi. Ya bi mutane da roƙon gahwara, har wanda ya yi wa canji ba daidai ba shekarun baya. Ba ya son haske, ba ya son kukan ɗiyansa. Ya ce kada hushin da aka yi da shi ya shahe mu, gara shi tahi ƙauye shi zauna shi ɗaya."

Na tambaye ta ko yana ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ta ce yana gani, amma duk zuwa in lokotoro ya ce ya jiki, sai ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Shi kuma bawan Allah sai ya rubuta ana samun sauƙi. Kun ga irin tamu. Bahaushe ko ana ɗauke da shi a makara in ka ce ya jiki da sauƙi zai ce, don a wurinmu godiya ce, shi kuwa Bature rahoto ya ɗauke ta. Na ce mata zuwa na gaba ta shiga tare da shi, ta buɗe baki ta faɗi komai. Ta yi. Likitan ya tura shi gwajin tunani da riƙe abu a ka, sannan ya rubuto a yi masa hotonmu. Alaramma ya yarda da sharaɗi ɗaya, in hoton ya fito ba komai kamar na baya, Zeinabu za ta bar shi ya tafi.

Sau biyu ana sa masa rana maganin bai zo ba. Tafiyarsa na matsowa. Madam Odessa ta yi ta waya da masu haɗa maganin, muryar coci a farko, muryar kasuwa a ƙarshe, har suka ware mana allura ɗaya. Ranar ta faɗo bayan dusar nan, hanyoyi rabi a buɗe. Direba ya iso a makare, maganin ya riga ya fara sanyi. Alaramma ma wani maƙwabcinsu ɗan Kumasi mai babbar mota ne ya ciro shi daga unguwa. Ya shigo da hular sanyi a kan hularsa, idanu a kankance, tun jiya ba goro ba shayi. Muka gaisa a baranda har ƙasa, na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Na sa masa allura, na yi masa bayani, na rage fitila, na koma bayan labule da sirinjina.

Na jira ya natsu. Numfashinsa ya daidaita, bakinsa a rufe. Har na ɗora babban yatsa a kan sirinji, sai na ga bargon da ke cinyarsa yana ɗan motsi. Na ƙura ido. Babban yatsansa ne ke bin gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya, gemunsa kuma na rawa kaɗan-kaɗan. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce sanyi yake ji. Tasbihi yake yi. An ce wa malami ya zauna shiru a cikin duhu, me kuke tsammani zai cika shirun da shi?

In na tura a haka, wurin harshe da wurin yatsu za su haska, ga shi kusa da nan ake zargin ciwon yake. Wataƙila bambancin kaɗan ne, amma kaɗan ɗin ya isa ya sa Dakta ya ce ba zai iya cewa komai ba, kuma babu allura ta biyu. In kuma na yi magana na fasa shirun, sai an sake jira daga farko, magani na ƙara tafiya. Na ajiye sirinjin a gidansa na dalma, na zagayo na durƙusa gefen kujera.

"Allah gafarta Malam, zikiri ake?"

"Kin ce kar in yi magana, Hajiya. Ban yi ba."

"Bakin ya yi shiru, kan bai yi ba. Maganin nan abin da kai ke yi yake kamawa. In na sa yanzu, hoton mai istigfari zan samu, Dakta kuma kan da ba ya komai yake so, don da irinsa yake gwadawa."

Ya juyo ya dube ni. "Hajiya, izu sittin sun watse mani. Istigfarin nan shi ɗai ya rage a hannuna. Shi ma ki ce in aje?"

Ni ba malama ba ce, kuma wace ce ni da zan ce wa mahaddaci ya bar ambaton Allah? Na ga tikitin nan a idona, na ga Zeinabu da ke zaune a waje da jakarta a ƙirji. Abin da na iya cewa kawai shi ne ba da daɗewa ba ne, kamar a dafa shayi a sha.

Ya ɗaga ido ya kalli silin. Can ya ce, "Muna yara, in an wanke allo ba a rubutu bisa shi ɗanye. Tawada watsewa take. Sai a jingine shi ga bango shi sha iska." Ya ɗan tsaya. "Ban taɓa jin malam ya ce allon da ke shan iska ya bar karatu ba."

Ya fito da hannayensa daga bargo, ya buɗe su, ya kifa a kan gwiwoyinsa inda zan gan su. Ya ce, "Bisimilla, Hajiya. Jingine ni."

Na koma bayan labule. Na tsaya ina kallon yatsun nan goma a shimfiɗe, ina kallon gemun da ya daina rawa. Mutumin da tun yana ɗan yaro bai taɓa zama a farke ba tare da aya na gudu a kansa ba, ya saki komai ya zauna wayam, da tsoron da ke cinsa, don wata mata ta ce masa haka aikinta yake so. Na ga sojoji a kujerar nan, na ga 'yan dambe, ban ga jarumtar da ta kai wannan ba. Da lokaci ya yi na tura maganin a hankali, na bi shi da ruwan gishiri, bai ko ƙifta ba.

A ɗakin kamara Madam Odessa ta karɓe shi. Saboda maganin ya yi rauni sai ta ƙara wa kamara lokaci a kowane tsayi, wato zai daɗe a kwance fiye da kowa, kansa ɗaure da maɗauri a goshi da haɓa. Ita ta gyara masa kafaɗu da hannunta, ta matso da kawunan kamara har suna shafar gashin bargo, don kusanci ke ba hoto kaifi. Ta ce in gaya masa yanzu kam ya karanta duk abin da yake so a zuciyarsa, hoto ya riga ya zauna, kai kawai kada ya motsa. Da aka gama ta duba ko ya gusa, ta ce tun da take ba ta ga wanda ya kwanta kamar wannan ba. Da tsohuwar zuma ake magani, hoton ya fito tsaf kamar da cikakken magani aka yi shi.

Dakta ba ya ganin marasa lafiya, rahoto yake rubutawa ya tura. Ranar Madam Odessa ta tsaya a ƙofarsa har ya cire tabarau ya ce a shigo da su. Ni ce tafinta. Ya nuna musu hoton a toka-tokarsa, ba ja ba shuɗi. A ƙasan goshi, saman idanu, akwai wurin da ya dushe, da wani a gefen hagu kusa da kunne. Ya ce hoton nan ba zai rantse cewa hatsarin ne ya yi wannan ba, don baƙin ciki da rashin barci da wasu magunguna su ma suna dusar da wuri. Amma in an haɗa shi da gwajin tunanin da aka yi, da lokacin da abin ya fara, da inda dushewar take, labarin ɗaya suke bayarwa. Sai ya ɗauko ƙoƙon kan roba da ke teburinsa, ya buɗe shi, ya kama yatsan Alaramma ya ɗora a ciki, daidai saman ramin idanu. Wurin kaushi gare shi, tudu da kwari. Ya ce in mota ta tsaya ko ta zabura farat ɗaya, ƙwaƙwalwa a kan wannan take gogawa.

Alaramma ya daɗe yana shafa wurin. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Hajiya, tambayi lokotoro. Laihi na yin haka?"

Na fassara yadda ya faɗa, ban rage ba. Dakta bai yi murmushi ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda haka. Ya ce, "Zunubi ba fannina ba ne, kamarata ba ta ganinsa. Amma na ga irin wannan a kan limamin coci da ya faɗo daga tsani, na gan shi a kan 'yar makaranta da ta faɗo daga keke, na gan shi a kan mutumin da aka kawo min da ankwa. Ƙashin nan bai tambayi ko ɗayansu halinsa ba."

Zeinabu ta rufe fuska da mayafi. Alaramma ya mayar da murfin ƙoƙon a hankali, ya ajiye shi a tebur da hannu biyu. Sai ya tambaya ko akwai magani. Dakta ya ce akwai masu koyar da kai yadda zai sake riƙe abu, akwai maganin ciwon kai da na barci, akwai haƙuri, kuma bai yi alkawarin komai zai dawo ba. Ni kuma na ƙara nawa da ba a sa ni ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alhamdulillahi ta Allah ce, a yi ta. Amma in likita ya tambaya, a gaya masa inda ke ciwo."

Bai tafi ba. Kada kuma ku ce na ce hoto ya warkar da shi, hoto ba ya warkar da kowa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke masa tuhumar da yake yi wa kansa, har ya yarda ya zauna a yi masa aiki. Ya bar tuƙi, ya koma tsaron wurin ajiye motoci a wani gini mai duhu-duhu, wanda ya dace da idonsa. Zeinabu ta ce ranar da mai koyar da shi ta ce ya riƙa ɗaukar karatu kaɗan-kaɗan, ya maimaita, ya huta, ya dawo, dariya ya yi ta yi a mota, wai sai da ya ƙetare teku aka mayar da shi makarantar allo. Jan baƙi kam bai koma ba. Maganinmu ya dawo daga baya, akwati ya cika, Madam Odessa ta yi ritaya ta koma garinsu, ta bar min makullanta a cikin safarsu.

Bayan azumi biyu ko uku aka yi buɗa-baki na jama'a a zauren nan. Aka sha ruwa, aka ta da Magariba, aka tura ɗaya daga cikin yayyenku gaba, sabon mahaddaci, murya kamar zuma, ya ɗauko doguwar sura don ya burge iyaye. A tsakiya ya kakare. Ya koma baya, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Zauren ya yi tsit, irin na wancan karon. Sai wata murya daga sahu na biyu, ƙasa-ƙasa, ba gaggawa, ta ɗora masa kalmomin da suka ɓace. Yaron ya kama ya wuce. Ina bayan labule, na san muryar, kuma sallar nan dai Allah ya karɓa, don ban san me aka karanta bayan nan ba.

Da aka fito ana laluben takalma na same shi a bakin ƙofa, ya sa baƙin tabarau saboda fitilun waje. Na rusuna na ce, "Alaramma, an sha ruwa lafiya? Ya jiki?"

"Alhamdulillahi. Yau kam ba sauƙi, Hajiya, tun la'asar kan shina sara." Ya zura ƙafa ɗaya a takalmi, sannan ya ɗago. "Amma kin ji?"

Na ce, "Na ji, Allah gafarta Malam. Har bayan labule."